Daga Rusafa zuwa Abu Ƙir: wa ya raɗa wa garuruwan nan suna?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Da muke maganar halifofin Banu Umayya, wani ya tambayi dalilin da ya sa Hishamu ɗan Abdulmalik ya fi son zama a Rusafa, cikin hamadar Siriya, a kan Dimashƙu. Wannan tambayar ta kai ni ga wani abu daban. Garin da Hishamu ya tarar, a takardun Rumawa ba Rusafa ake rubuta shi ba, Sergiopolis ake rubutawa, wato birnin Sarjis. Shi Sarjis hafsan sojan Rum ne da aka kashe a wurin a farkon ƙarni na 4 saboda ya ƙi yi wa gumakan daula yanka. Lokacin da aka kashe shi, wurin bai wuce sansanin soja a kan hanyar da ta tashi daga kogin Furat ta nufi Tadmur ba. Shekara ɗari biyu bayan haka ya zama birni mai ganuwa, tsawonta kusan mita 550, faɗinta kusan 400, ga manyan coci-coci, ga tafka-tafkan rumbunan ruwa da aka gina a ƙarƙashin ƙasa don tara ruwan sama.

Abin da nake so mu tattauna ke nan. A da, sunan gari rabon sarakuna ne da gumaka: Iskandariyya, Ƙaisariyya, Kustantiniyya da aka buɗe a shekarar 330. Amma daga ƙarni na 4 zuwa na 7 sai ga mutanen da hukuma ta kashe a matsayin masu laifi sun fara karɓe sunayen garuruwa daga hannun sarakuna. A ganina wannan juyin ya fi faɗuwar wasu dauloli girma.

Ɗanliti:
Wa alaikumus salam Malam. Na buɗe taswira a waya yanzun nan, Rusafa na gani kudu maso yammacin Raƙƙa, ban ga wani Sergiopolis ba. Ko dai da Rumawan za su tafi sun naɗe sunan cikin kayansu ne?

Dakta Zainab:
Ɗanliti da wasa ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Malam Habibu, da girmamawa, ka haɗa abu biyu a ƙwarya ɗaya. Akwai sunan da fada ta raɗa, akwai wanda bakin jama'a ya raɗa. Sergiopolis na fada ne, a zamanin Sarki Anastasiyus da ya yi mulki daga 491 zuwa 518 aka ɗaga darajar garin a hukumance. Wato har yanzu dai sarki ne mai raɗa suna, waliyyin ya ara kawai. Kuma ka duba makomar irin waɗannan sunaye. Ludd ta Falasɗinu, Rumawa sun kira ta Diospolis, birnin gunkinsu Zeus, daga baya aka ga Georgiopolis a wasu rubuce-rubuce saboda kabarin Jirjis. Yau wa ke faɗin ko ɗaya daga ciki? Antakiya, bayan girgizar ƙasar 528, an sa mata Theoupolis, birnin Allah. Bai bi ta ba. Mayyafariƙin, inda Bishop Maruta ya tara ƙasusuwan Kiristocin da aka kashe a Farisa wajen 410, an kira ta Martyropolis, birnin shahidai. Malaman tarihi na Larabawa Mayyafariƙin suka ci gaba da rubutawa.

Waɗanda suka rayu kuwa babu sarkin da ya sa musu hannu. Azariyya da ke gabas da Ƙudus, daga sunan Li'azaru ta fito, mutumin da Linjila ta ce Annabi Isa ya tayar daga mutuwa. Abu Ƙir ta Masar ma haka.

Nura Ɗan Azhar:
Dakta kin taɓo gidanmu. Duk ɗalibin da ya zauna Masar ya leƙa Iskandariyya ya san Abu Ƙir, can ƙarshen gari ta gabas, inda ake zuwa cin kifi. Yawancinmu mun ɗauka alkunya ce irin ta Larabawa, kamar Abu Bakr ko Abu Huraira, wato baban wani yaro mai suna Ƙir. Ashe Abba Kir ne, wani waliyyin Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar, da ake cewa likita ne mai yi wa mutane magani ba ya karɓar ko kwabo, aka kashe shi tare da wani soja mai suna Yohanna.

Yadda sunan ya zo wurin ne abin ji. A wannan gaɓar teku akwai wani gari, Menouthis, mai ɗakin bautar gunkiya Isis, inda marasa lafiya ke kwana don a nuna musu magani a mafarki. Har Kiristoci na saɗaɗawa su je. Sai Kirillus, shugaban cocin Iskandariyya daga 412 zuwa 444, ya ɗauko ƙasusuwan Kir da Yohanna ya kai can. Bai hana mutane kwana neman mafarki ba, wurin kwanan ya canza musu. Kuma ga abin da zai ba ku mamaki: Safroniyus, wanda daga baya ya zama shugaban cocin Ƙudus, shi ne ya miƙa birnin ga Sayyidina Umar, ya taɓa zuwa nan jinyar ciwon ido, har ya rubuta labarai saba'in na waɗanda aka ce sun warke a wurin.

Ɗanliti:
Wato Malam Nura kifi ya kai ka, tarihi ya biyo ka gida.

Malam Habibu:
Dakta, ban ƙi rabe-raben da kika yi ba, amma ban yarda cewa Anastasiyus ne ya yi Sergiopolis ba. Ya tarar da jama'a sun riga sun yi, ya buga hatimi. Sarki ba ya ɓata suna a kan wurin da babu kowa.

Bari in kawo yadda abin ke faruwa a ƙasa, don a nan ne nake ganin asirin yake. Dokar Rumawa tun ta dauri ta hana binne mamaci a cikin gari. Maƙabartu duk a bayan ganuwa suke, a jere gefen manyan hanyoyi. Saboda haka shahidin da aka kashe, a waje aka binne shi. Da aka daina tsananta wa Kiristoci bayan 313, sai aka gina ɗan ɗaki a kan kabarin, ɗakin ya zama coci. Masu hali suka fara neman a binne su kusa da shi. Masu hidimar wurin suka gina ɗakunan kwana, maziyarta na buƙatar masauki da abinci da ruwa, mai sayarwa ya kafa rumfa. Kamar dai yadda tashar jirgin ƙasa ta ja Sabon Garin Zariya ya tsiro nesa da ganuwar birni. Bambancin shi ne a wasu wuraren tsohon garin mutuwa ya yi ɗungurungum, maƙabartar ta zama gari.

Misali biyu. A Ingila akwai birnin Rumawa mai suna Verulamium. An kashe wani Alban a kan tudun da ke wajensa, kuma mun san ana ziyartar kabarinsa tun 429, domin a shekarar wani bishop daga Faransa ta yau, Jarmanus, ya je. Yau garin yana kan tudun, sunansa St Albans, tsohon birnin kuwa filin shaƙatawa ne. Hasumiyar babban cocin ma da jan bulon da aka kwaso daga kangon birnin Rumawan aka gina ta. Na biyu Xanten a Jamus, kusa da kogin Rhine. Birnin Rumawa na wurin sunan Sarki Tirajan yake ɗauke da shi, ya zama kango. Garin yanzu a kan tsohuwar maƙabarta yake, sunansa kuma daga kalmomin Latin biyu ne masu nufin "wajen waliyyai". Ba ma sunan mutum ba ne, kwatance ne. Ina za ka? Wajen waliyyai. A 1933 masu haƙar kayan tarihi suka tono ƙarƙashin cocin garin suka sami kabari ɗaya da maza biyu a ciki, na ƙarni na 4, da alamar kashe su aka yi.

Ramatu 'Yar Damagaram:
Sannunku da hira. Ni nan kusa da Saint-Denis nake zaune, arewa da Paris, inda babban filin ƙwallon Faransa yake. Idan ka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa ranar kasuwa, abin da za ka fara ji Larabcin Aljeriya ne da Bambaranci da Wolof, ga mahauta masu naman halal a jere. Kowa Saint-Denis yake cewa, babu mai tuna cewa sunan bishop ɗin Paris na farko ne da aka sare wa kai wajen 250. Ƙauyen da aka binne shi Catulliacus ake ce masa, wannan sunan ya ɓace sam. Sarki Dagobert da ya mutu a 639 a nan aka binne shi, daga baya kusan duk sarakunan Faransa nan ake kawo su.

Kuma ga abin da zai ƙarfafa Dakta: lokacin juyin juya hali, a 1793, hukuma ta cire sunan waliyyin ta sa wa garin Franciade. Ko shekara goma bai yi ba aka koma gidan jiya.

Abu Ammar:
Ni fa ina karantawa ina ta istigfari. Ana ta ba da labarin nan kamar wani abin burgewa, alhali wannan shi ne ainihin abin da Annabi SAW ya yi gargaɗi a kansa. Ummu Salama da Ummu Habiba sun ba shi labarin wani coci da suka gani a Habasha mai hotuna a ciki, ya ce mutanen nan idan mutumin kirki ya mutu a cikinsu sai su gina wurin ibada a kan kabarinsa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Labarin Malam Nura ma ya isa hujja: an cire gunki an sa kabari, mutane suna nan suna abin da suke yi. Ya kamata a riƙa faɗin hukunci tare da labari, akwai yara a zauren nan.

Malam Habibu:
Ustaz, Allah ya saka da alheri. Ba wanda ya ce a je a yi. Hasali ma hadisin da ka kawo, ga mai nazarin tarihi, shaida ce daga farkon ƙarni na 7 cewa al'adar ta kai har Habasha. Kuma haka ne, a kusa da Aksum akwai tsofaffin gidajen rahibai masu sunan waɗanda suka kafa su, irin su Abba Pantalewon da Abba Garima.

Baba Istifanus:
Gaisuwa ga kowa. Ɗana Abu Ammar, ka yi mamaki idan na ce maka ƙorafin naka ya girme ka da shekara dubu da ɗari shida, kuma daga cikin majami'a ya fara fitowa. Wajen shekarar 400 wani limamin Kirista mai suna Vigilantiyus ya ce sumbatar ƙasusuwa da kunna musu kyandir da rana tsaka bautar gumaka ce aka sake wa riga. Jerom, babban malamin Kirista na lokacin, ya mayar masa da martani mai zafi, har da zagi. A 401 taron bishop-bishop a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ya ba da umarni a rushe wuraren da aka gina a gonaki da bakin hanya da sunan shahidai alhali babu gawar kowa a ciki, sai dai wani ya ce ya yi mafarki. Sun ma san jama'a za su iya tayar da tarzoma, don haka suka ce inda rushewar ba za ta yiwu ba, a yi wa mutane wa'azi su daina zuwa. Mahaifiyar Agustin, wani babban malamin Kirista, mai suna Monika, ta saba kai abinci da ruwan inabi kaburburan shahidai kamar yadda ake yi a ƙasarsu, da ta je Milan mai gadi ya tare ta ya ce Bishop Ambros ya hana.

Shi kuma Ambros ɗin, a 386 ya tono gawarwaki biyu ya ce na shahidai ne, ya kai su sabuwar majami'arsa, a shekarar da sarki ya fitar da dokar hana ɗaga gawa da sayar da ƙasusuwan shahidai. Kun ga yadda abin yake a cakuɗe. Mu a ɗariƙarmu ba ma roƙon kowa sai Allah, amma majami'armu ta Wusasa sunan Bartalamawus take ɗauke da shi. Suna daban, roƙo daban.

Sharu Mai Carbi:
Baba ya gama magana. Ustaz kuma a yi mana a hankali. Unguwar da ke kewaye da kabarin Shehu a Sakkwato me ake ce mata in ba Hubbare ba? A Katsina maƙabartar Ɗan Marna fa? A Bagadaza akwai A'azamiyya saboda Imam Abu Hanifa, akwai Kazimiyya. A Alƙahira akwai unguwar Sayyida Zainab. Mutane na son zama kusa da mutanen kirki, raye ko mace, wannan ba sai an koya wa kowa ba.

Abu Ammar:
Sharu, yawan masu yi ba ya mayar da abu halal. Ka kawo aya ko hadisi.

Shugaban Zaure:
Ustaz da Sharu, don Allah. Wannan muhawarar an yi ta a zauren nan ba sau ɗaya ba, kuma kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya. Kowa ya faɗi nasa, an ji. A koma kan sunayen garuruwa.

Dakta Zainab:
Na gode Shugaba. Malam Habibu, ga matsalata ta biyu, kuma ta fi ta farko. Ka ce daga ƙarni na 4 zuwa na 7. Kaburburan kam na lokacin ne, ban musa ba. Amma sunayen fa? Xanten da ka kawo, sai a ƙarni na 9 sunan ya bayyana a rubuce. Unguwar da ta tsiro kewaye da kabarin Martin a Tours, wanda ya mutu a 397, sai a ƙarni na 10 aka kira ta da sunansa, sunan ma bai daɗe ba. Garuruwa da ƙauyuka fiye da 200 da ake kira Saint-Martin a Faransa, galibinsu sunan cocin ƙauyen ne ya rinjayi sunan ƙauyen sannu a hankali, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da kake magana. Gidan rahiban da ke gindin Dutsen Sina'i, Sarkin Rum Jastiniyan ya gina shi a tsakiyar ƙarni na 6 da sunan Maryamu, sunan Katarina daga baya can ya hau kansa. Sofiya ta Bulgeriya ma da mutane ke sawa a lissafi, ba wata mata ba ce, sunan coci ne mai nufin hikimar Allah, kuma sai a ƙarni na 14 garin ya fara amsa shi.

Idan muka ga suna a taswirar yau muka ce tun zamanin Rumawa yake, mun yi wa tarihi gaggawa.

Malam Habibu:
A Turai ta yamma na ba ki gaskiya mafi yawa. A gabas kuwa a'a. Wata mata mai suna Egeriya ta taso daga yammacin daular ta yi ziyara a Ƙudus tsakanin 381 da 384, ta rubuta wa 'yan'uwanta mata abin da ta gani. Ta ce ranar Asabar, mako guda kafin Ista, jama'a na fita zuwa wurin da ake kira Lazarium, ta kuma bayyana cewa shi ne ƙauyen Betanya. Kin ga tun a ƙarni na 4 sabon sunan ya fara danne tsohon, har sai an yi wa mai karatu bayani. Daga Lazarium ɗin ne Azariyya ta fito. Wannan ba gaggawa ba ce, shaidar wadda ta taka da ƙafarta ce.

Nura Ɗan Azhar:
In ƙara wa Malam Habibu ƙarfi da Abu Mina. Wannan ba tsohon gari ba ne da aka canza wa suna, babu komai a wurin sai hamada, kimanin kilomita 45 kudu maso yammacin Iskandariyya. Labarin da Ƙibɗawa ke bayarwa shi ne, raƙumin da ya ɗauko gawar Mina, shi ma soja ne, da ya iso nan sai ya durƙusa ya ƙi tashi, aka binne shi a wurin. A ƙarni na 5 da na 6 wurin ya zama gari sosai: coci a kan kabarin, wani babba a manne da shi, wurin baftisma, masaukan baƙi, gidajen wanka, wuraren matsar inabi, da titi mai rumfuna da ke kai maziyarci har ƙofa.

Na ga irin 'yan tulunan da ake ba maziyarta a gidan tarihin Ƙibɗawa da ke Alƙahira. Abin bai fi tafin hannu ba, na yumɓu ne, kewayayye kuma shafaffe, da ɗan wuya da hannaye biyu ƙanana. A jikinsa an buga hoton mutum a tsaye cikin gajeriyar rigar soja, ya buɗe hannuwa, raƙumi ɗaya ta dama ɗaya ta hagu sun sunkuyar da kai wajen ƙafafunsa. Aikin ba wani mai kyau ba ne, da gani ka san da yawa ake buga su a ma'auni ɗaya. Ana zuba ɗan mai ko ruwa a ciki a tafi da shi gida. An tono irinsu a Italiya, da Faransa, da Jamus, har Ingila. Wani Bajamushe, Kaufmann, shi ya haƙo garin daga 1905 zuwa 1907. Abin takaici, noman rani da aka buɗe a yankin ya ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa har ƙasar ta fara zaftarewa, UNESCO ta sa wurin cikin jerin masu fuskantar haɗari a 2001.

Ɗanliti:
To ni dai abin da na fahimta, duk inda aka ce waliyyi, a duba da kyau akwai mai shago a gefe.

Malam Habibu:
Akwai mai shago, Ɗanliti, amma ba shi kaɗai ba. Koma Rusafa ka gani. Wurin yana kan iyakar Rum da Farisa, a tsakiyar makiyayar Larabawa, kuma kowane ɓangare na jin nauyin Sarjis. Munzir ɗan Haris, sarkin Gassan, da ya ɓata da Rumawa bayan ya gano sun ƙulla kashe shi, ya ƙi yarda da kowane manzo. Da za a yi sulhu wajen 575, cewa ya yi sai dai a haɗu a gaban kabarin Sarjis, don nan ne kaɗai ya tabbata ba za a ci amanarsa ba. Kisra na biyu, sarkin Farisa, wanda ba Kirista ba ne, da ya dawo kan gadonsa a 591 ya aika da gicciyen zinariya, ya sake aika kyauta da matarsa Shirin ta sami ciki. Banu Taglib da sunan Mar Sarjis suke fita yaƙi, yana nan cikin waƙoƙin Akhɗal, Jarir ma ya yi musu gori da shi. Wuri ne na rantsuwa da sulhu da cin kasuwa a lokaci guda.

Hishamu da ya zo, daga 724 zuwa 743, bai rushe cocin ba. Masallacinsa ya gina a manne da harabar cocin ta arewa, har akwai ƙofar da ta haɗa su. Garin ya koma Rusafatu Hisham a bakin mutane. Jikansa Abdurrahman, da ya tsira daga Abbasiyawa ya kafa mulki a Andalus, gidan gonar da ya gina kusa da Ƙurɗuba Rusafa ya sa masa.

Dakta Zainab:
Ka ga ka dawo kan maganata da ƙafarka. Larabawan da ke kewaye da garin suna girmama Sarjis, suna rantsuwa da shi, amma garin Rusafa suke ce masa tun kafin a haifi Sarjis. Sergiopolis Girkanci ne, harshen ofis da na bishop. Ranar da ofis ya daina Girkanci, sunan ya tafi.

Baba Istifanus:
'Yata Dakta, ƙa'idar nan taki tana da daɗin ji, amma tana da ɓaraka. Kin ce sunan hukuma mutuwa yake yi. Iskandariyya fa, ba sarki ne ya raɗa ba? Shekara fiye da dubu biyu da ɗari uku ke nan. Ga kuma Afisa, cikin Turkiyya ta yau, inda Jastiniyan ya gina babbar majami'a a kan kabarin da ake cewa na manzo Yohanna ne. Tsohon birnin da ke bakin teku ya mutu, mutane suka koma tudun kabarin, suna kiransa da laƙabin Yohanna na Girkanci, Ayos Teologos. A bakin Turkawa ya zama Ayasuluk, haka Ibn Baɗɗuɗa ya same shi a ƙarni na 14. Wannan sunan baki ne tsantsa, irin wanda kika ce ba ya mutuwa. A 1914 hukuma ta mayar da shi Selçuk, kuma ya zauna daram.

Ba sai mun je nesa ba ma. Mu da muka yi makaranta kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, mun san St John's ta Kaduna da St Paul's ta Zariya. Yau ka tambayi yaro, Kwalejin Rimi da Kufena ya sani.

Dakta Zainab:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan duka ya shiga. Amma dubi abin da misalanka biyu na ƙarshe suka haɗa: hukumar zamani ce, mai allo a bakin hanya, da takardar shaida, da hatimin gidan waya, da yaran da ke rubuta sunan a littafinsu kowace safiya. Anastasiyus ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi magatakarda ne da bishop. Iskandariyya kuwa sabon gari ne, ɗan ƙauyen da ya tarar a wurin bai isa ya yi gasa da shi ba. Inda sunan fada ke faɗuwa shi ne inda ya tarar da tsohon suna da rai a bakin masu kai kaya kasuwa.

Abu Ammar:
Tunda an koma tarihi, ni ma ga tambaya. Garin Khalil a Falasɗinu, ba da sunan Annabi Ibrahim AS ake kiransa ba? Wannan a wane layi za ku sa shi?

Malam Habibu:
Tambaya mai kyau, Ustaz. Tsohon sunan Habrun ne, kuma malaman Musulmi na farko sun yi amfani da shi, suna kuma cewa Masjidu Ibrahim. Sannu a hankali laƙabin Khalilur Rahman ya rinjaya. 'Yan Salibiyya ma da suka riƙe garin a ƙarni na 12, Saint Abraham suka kira shi. Hanya ɗaya ce da ta Azariyya. Haka Dutsen Sim'an a yammacin Halab, inda wani rahibi Sim'an ya shekara fiye da talatin a kan ginshiƙin dutse har ya mutu a 459. Ƙauyen da ke gindin tudun Telanissos ne a da, yanzu Dair Sim'an, kuma gundumar da birnin Halab kansa ke ciki Jabal Sim'an ake ce mata a takardun gwamnatin Siriya.

Ramatu 'Yar Damagaram:
Baba da Dakta, kafin ku raba gardama ku saka wannan a ma'auni. Maƙwabciyata 'yar Senegal ce daga Saint-Louis, garin da Faransawa suka kafa a 1659. Allo na nan, takardar haihuwa na nan, makaranta na nan, duk abin da Dakta ta lissafa, shekara fiye da ɗari uku da hamsin. A fasfonta Saint-Louis aka rubuta. Amma idan tana waya da mahaifiyarta ban taɓa jin ta ce komai ba sai Ndar.

Baba Istifanus:
To ai babu kabarin Sarki Luwis mai sunan garin a can, 'yata. A Saint-Denis ɗinku aka binne shi, ki leƙa ki gaya mana abin da 'yan 1793 suka bari.